Gawar Bukar a Hannun Turawa

Mutumin da ya yi mana hanyar Ingila bai zo tarbarmu ba. Da hantsi muka sauka a Manchester, ni da Bukar, muka ja jakunkunanmu zuwa bakin ƙofa muka yi cirko-cirko muna kiran lambarsa, tana shiga ba a ɗauka. Sanyin da ya tare mu a wurin ba irin wanda muka yi wa shiri ba ne. Ni rigar sanyin gwanjo ce a jikina, wadda na saya a kasuwar Haɗeja, mai sayarwa har yana rantsuwa daga Ingilar aka kawo ta. Bukar ya dube ni ina karkarwa ya ce to ga ta ta dawo gida, sai ta nuna mana hanya.

Haka yake yi min, kuma yana da iko, don taubashina ne. Ɗan Goggo Hansai ne, ƙanwar mahaifina. Tare muka tashi a ƙauyenmu da ke cikin fadama gabas da Haɗeja, inda in ruwa ya zo sai da kwalekwale ake shiga. Tare muka koyi iyo, tare muka hau gora muna su, tare aka kai mu makaranta. Ni na zama malamin makaranta a cikin gari, shi kuma da ya gama karatu ya koma sana'ar gidansu, yana sarin busasshen kifi yana turawa kudu. Siriri ne, hannuwa da ƙafafu kamar karan dawa, sai ciki a gaba. Tun muna samari nake ce masa Alhaji Tumbi, shi kuma ya ce min Malam Alli. In na matsa masa sai ya shafa cikin ya ce arziki ne ya turo ɗan aike, shi yana tafe a baya.

Aikin kula da tsofaffi aka yi mana alkawari. Na sayar da filina, Bukar ya karya jarinsa ya haɗa da kwalekwalen da ya gada, muka miƙa. Sai bayan la'asar mutumin ya turo tasi ta kwashe mu zuwa wani gida, aka nuna mana ɗakin da muka tarar da mutane kwance a ƙasa, 'yan Najeriya da na wasu ƙasashe, duk shi ya kawo su. Washegari ya zo yana ƙamshin turare, ya gaishe mu da Hausa mai daɗi, ya ce an ɗan samu tangarɗa da gidan tsofaffin, mu yi haƙuri zuwa mako mai zuwa. Wani daga cikin na kwancen ya yi dariya bai ko ɗago kai ba. Daga baya ya gaya mana shi tun bara yake jiran makon nan mai zuwa.

Da guzurinmu ya ƙare, mai gida ya fara buga ƙofa, mutumin kuma ya yi ɓatan dabo, sai muka bi wani da ya ce akwai aikin wankin mota a Leeds. Aikin ya samu, amma na ranar da aka ga dama ne. A can Allah Ya haɗa mu da Rifkatu. Mun shiga wani kantin kayan abincin Afirka muna juya ƙullin kuka muna mayarwa saboda tsada, Bukar yana cewa kukar da awakin gidanmu ma suka gaji da ita ce aka sa wa wannan farashi, sai wata mata a bayanmu ta ce, "Wannan Hausar ta Haɗeja ce, ko kunnena ne?"

Ma'aikaciyar jinya ce, Kirista 'yar Filato. Mahaifinta ɗan sanda ne, a Haɗeja ta yi firamare lokacin da yake aiki a can. Ranar a gidanta muka ci tuwo, na farko tun barinmu gida, na ci ina sunkuyar da kai don kada 'ya'yanta su ga hawayena. Ita da mijinta suka bar mana falonsu muna kwana, har mu da kanmu muka fara jin kunya.

Ita ta fara duban Bukar da idon aikinta. Ta sa ya ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa, ta tambaye shi tun yaushe cikinsa yake haka. Ya ce tun da ya san kansa. Ta ce ya je likita ya duba shi, ba abin da za a yi masa. Ya ce to, Anti, irin to ɗin da muke yi wa manya. Da muka fito ya ce min wanda takardarsa ta ce yana gidan tsofaffi alhali mota yake wankewa, ba shi zai kai kansa inda ake rubuta suna ba. Ban ja da shi ba, don tsoron nan ne a zuciyata ni ma.

Zangonmu na uku wani gari ne a bakin teku, gabashin ƙasar. Garin masunta ne tun kaka da kakanni, ko da yake jiragen kamun kifi sun ƙare, sai masana'antun gyaran kifi suka rage. Wani ɗan kwangila ne yake kwasar irinmu yana kai wa wata ƙaramar masana'anta. Ba ya tambayarmu takarda, mu ma ba ma tambayarsa abin da yake yankewa daga ladanmu. Ana ba ka farar riga da hular leda da dogon takalmin roba, ka tsaya a gaban bel ɗin da ke jawo kifi cikin ɗakin da ya fi waje sanyi. Inji ne yake farke yawancin kifin, wanda ya kuɓuce masa mu muke bi da wuƙa. Ka cafko shi, ka zura wuƙa daga ƙasan wuya ka ja, ka sa yatsu ka kwashe kayan ciki ka watsa a kwata, ka tura, wani ya iso. Kafin azahar ba ka jin yatsunka, da ido kake tabbatarwa suna nan.

Ni dai wahala na sha, na yanke hannu ya fi a ƙirga. Bukar kuwa hannunsa ya faɗa gida. Abin da ya kasa sabawa da shi shi ne zubar da kayan cikin. Kullum sai ya yi ƙorafi. A gidansu Goggo ba ta yar da komai na kifi: kitsen a soya a tara mai, ƙwan a dafa wa yara, kai ya shiga miya, hanjin ma agwagi na jira. Ya ce mutanen da ke zubar da ƙwan kifi a kwata ba su taɓa kwana da yunwa ba, kuma gaskiyarsa ce.

Shugabar layinmu wata tsohuwar Baturiya ce, Pat, gajeruwa mai kakkausar murya, in an tashi hutu ta tsaya a bakin ƙofa tana zuƙar taba cikin ruwan sama. Faɗa gare ta, amma ita ta lura takalmanmu ba safar kirki a ciki. Wata safiya ta jefo mana leda cike da safunan ulu na marigayi mijinta, ta wuce ba ta tsaya jin godiya ba.

Ranar Lahadi mukan je mu zauna a kan katangar bakin teku. Bukar ya raina tekun nan ƙwarai. Ya ce wane irin ruwa ne wannan, kullum ya janye ya dawo amma ba ya bar wa mutum ƙasar da zai dasa ko barkono. A nan muke sauraron saƙon Goggo. Ba ta da waya, ta maƙwabta take ara ta yi magana a turo mana. Takan ba mu labarin inda ruwa ya kai, da gonar wa ya ci, da yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyar jirgi, da lafiyar matar Bukar da yaransa. Ba ta iya kashe abin ba, don haka in ta gama sai ya ci gaba da ɗauka: ka ji kaza, ka ji daka, ka ji wata tana kiran ɗanta daga nesa. Wannan ƙarshen Bukar ya fi maimaitawa. Ya kara wayar a kunne ya rufe ido, ni kuma in yi kamar ina kallon tsuntsaye.

Da sanyi ya tsananta sai ya fara ramewa, gajiya ta yi masa yawa, cikin kuma ya ƙara fitowa. Na ce Alhaji, ɗan aiken nan naka ya fara yawa, yaushe arzikin zai iso? Ya yi dariya ya ce yana kwana a Kafin Hausa. Sau ɗaya ya gaya min bayan gidansa ya yi baƙi, muka yanke cewa basir ne da rashin abincin gida. Ya ci gaba da zuwa aiki.

Wata safiya muna tsaye a layi, yana gefena, na ji wuƙarsa ta faɗi. Na juya na gan shi ya dafe bakin bel, sai jini ya ɓalle masa ta baki, ba kaɗan ba, ya wanke gaban farar rigar. Pat ta tsayar da inji ta kira motar asibiti. Kafin motar ta iso ɗan kwangila ya shigo yana raɗa wa mutanensa su fita ta baya. Ya ja ni ta hannu, na fizge. A cikin motar Bukar ya buɗe ido ya ce in cire masa takalman nan, sun yi masa nauyi. Na cire. Maganarsa ta ƙarshe ke nan da na ji. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Na yi salati, na yi kuka, sannan na tashi in yi abin da na san ana yi. A garinmu wanda ya rasu da la'asar ba ya kai magariba a waje. Na tambayi inda zan samu likkafani da wanda zai taya ni wanka. Sai wata likita ta zaunar da ni ta ce ba za a ba ni shi ba tukuna. A ƙasar akwai wani alƙali da aikinsa ke nan, binciken duk mutuwar da ta zo farat ɗaya ba a san dalilinta ba, kuma daga wannan lokaci gawar a hannunsa take. Na ce har yaushe? Ta ce sai an gano abin da ya kashe shi. Na ce ta yaya za a gano, ga shi ya riga ya tafi? Ta ce mai yiwuwa sai an buɗe shi.

Na san abin da buɗewa take nufi. Da hannuna nake yin ta daga safe zuwa yamma.

Na kira Baba, mahaifina, na gaya masa rasuwar. Washegari saƙon Goggo ya iso. Ba ta yi kuka a ciki ba, muryarta ce kawai ta dusashe.

"Lawan, Allah Ya karɓi abinsa, na haƙura. Amma na ji an ce can farke mutum suke yi, su cire abin da suke so. Amana na ba ka. Yadda na haife shi, haka za ka sa shi a ƙasa."

Ranar ɗan kwangila ya kira ni ya ce in ina da hankali in tattara in bar garin, don duk wanda ya je ya ce shi ne ɗan'uwan mamaci, sai an tambaye shi a ina suke aiki, da wace takarda. Ya ce hukuma za ta binne shi, ba sa barin gawa a titi. Sauran abokan aikinmu duk sun watse. Ba zan ce ban ji tsoro ba, filina na tuna, da idon mutanen gari in aka dawo da ni hannu rabbana. Amma in na gudu ba wanda zai ce musu kada su taɓa shi. Na wanke fuska na zauna jiran safiya ta yi in je ofishin alƙalin.

Pat ce ta kai ni. Ta zo gidan da motarta ba tare da na nema ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza makulli, ta ce min ita dai "gutted" take. Raina ya ɓaci. Kalmar nan kullum ina ganin ta a jikin kwalayen da muke cikawa, ita ake bugawa a kan kifin da aka farke aka kwashe cikinsa. Na ce mata yau ba ranar da za ta faɗa min wannan ba ce. Ta dube ni, ta gane, ta ba ni haƙuri. Muna tafe a mota ta yi min bayani. Ta ce asalin kalmar daga sunan hanji ne a tsohon Turancinsu, kuma kakanninta ga kifi da dabba kawai suke faɗin ta. Daga baya aka riƙa faɗin ta ga gidan da gobara ta cinye cikinsa ya rage bango. A zamaninta ne ta koma kan mutum, wanda baƙin ciki ya kwashe masa komai ya bar shi a tsaye, har ta yi arha, yanzu wanda ƙungiyar ƙwallonsa ta sha kashi ma faɗi yake yi. Ta ce ita ba da arha ta faɗa ba. Mahaifinta a jirgin kamun kifi ya tafi tana yarinya, teku ba ta dawo musu da ko takalminsa ba, uwarta ta mutu ba ta da kabarin da za ta ziyarta. Na ce mata mu ma a ciki muke ajiye irin wannan, mukan ce hantar mutum ta kaɗa, ko cikinsa ya ɗuri ruwa.

Ba alƙalin muka gani ba, wani jami'insa ne, mutum mai sanyin murya da furfura a gemu. Na faɗi sunana na gaskiya da na Bukar da inda muke aiki, ya rubuta. Na gaya masa addininmu bai yarda a keta gawa ba, na gaya masa abin da uwarsa ta ce. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai isar, amma hukuncin ba nasa ba ne.

Limamin ɗan masallacin garin, wani ɗan Sudan mai tuƙa tasi, shi ya buɗe min wata ƙofa. Ya ce akwai na'urar ɗaukar hoton cikin gawa ba tare da an sa wuƙa ba, in hoton ya nuna dalilin mutuwa alƙali yakan haƙura. Bayan sallar Juma'a ya tashi ya yi wa jama'a bayani. Mutanen da ba su taɓa ganin Bukar ba, Kurdawa da 'yan Bangladash da Larabawa, suka haɗa abin da za a biya. Alƙali ya amince a gwada. Kwanakin nan na jira na yi su ne a masallaci, ina roƙon Allah abu ɗaya, Ya sa hoton ya isa. Har na aika wa Goggo cewa an samu hanya, ta kwantar da hankalinta.

Hoton bai isa ba. Jami'in ya kira ni ofishinsa, Pat ta raka ni, ya ce an ga jini a ciki, an ga saifa ta kumbura, an ga hanta ba daidai ba, amma ba a ga abin da ya jawo ba. Kuma tunda a wurin aiki ya faɗi, dole a tabbatar ba wani abu ya shaƙa ko ya sha a can ba, saboda sauran ma'aikata. Ban san lokacin da na zame daga kujera na durƙusa a gabansa ba, yadda ake yi a gaban hakimi. Na ce ya dubi girman Allah, ya dubi tsohuwa. Mutumin ya rikice, ya zagayo tebur ya tsuguna a gabana yana cewa in tashi, don Allah in tashi. Muka zauna a ƙasa mu biyu, ba mai abin da zai ba wani.

Da muka fito na tambayi Pat ko ta san wani babba a gidan su alƙalin, yayansa ko mahaifiyarsa ko wani amininsa, mu je mu yi kamun ƙafa. A wurinmu ba hukuncin da ba shi da ƙofar baya ta mutunci, in ka rasa mai shi ka nemi wanda yake jin kunyarsa. Ta daɗe tana kallona kafin ta gane abin da nake nufi. Ta ce in muka je gidan mutumin nan 'yan sanda ne za su raka mu gida. Ta faɗa tana share ido da bayan hannu.

Ranar da aka yi aikin an gaya min lokacin. Na je katangar bakin teku na zauna inda muke zama. Da ban san aikin ba da ya fi min sauƙi. Amma na san inda wuƙa take shiga, na san ƙarar da take yi, na san yadda yatsu suke bi su ɗago abin da ke ciki. Na zauna a kan hannuwana don su daina motsi. Ban taɓa jin na kasa wani abu a duniya irin na ranar ba. Tsohuwa ta roƙe ni abu ɗaya tak, ina zaune a bakin ruwa ana yin sa.

Rifkatu ta hau jirgin ƙasa ta zo, ita ta yi magana da likitan ta fassara min da Hausar da zan gane. Ba guba ba ce, ba kuma aikin ba ne. Ta tambaye ni ko muna yara mun yi tsargiya. Na ce wa bai yi ba a ƙauyenmu? Yaro ya yi fitsarin jini, a ce ya fara girma, a yi dariya. Ta ce to akwai 'yar'uwar wannan tsutsar, ita ma a ruwa ake ɗaukar ta, amma ita hanta take bi. Shekara da shekaru tana zuba ƙwai har hanta ta ƙandare, jini ya rasa hanya, saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, wata rana jijiya ta fashe a maƙogwaro. Ta ce tun daga gida ya zo da ita. Da an gano da wuri, 'yan ƙwayoyi ne.

Wato tumbin da na shekara ashirin ina yi wa dariya ciwo ne. Rifkatu ba ta bar ni na zauna da wannan tunanin ba, ta tasa ni gaba sai da aka gwada ni. Aka samu ina da ita ni ma, ba ta dai yi nisa ba. Na haɗiyi ƙwayoyin a gabanta, masu ɗaci, ina jin kamar rabon wani nake ci.

Aka ba mu shi. Ni da liman muka yi masa wanka a wani ɗaki da aka tanada don haka a masallacin babban gari na kusa. Liman ya ce in ba zan iya ba in tsaya a waje, na ce ni aka ba wa amana. Da muka yaye mayafin sai na ga ɗinkin, daga ƙasan wuya har ƙasan cibiya, da zare mai kauri, taku mai faɗi, irin wanda ake yi wa buhun shinkafa da basilla. An ce min an mayar masa da komai, kuma na yarda. Amma cikin ya lafe. Na ɗora tafin hannuna a kai, ban ji Bukar ɗin da na sani ba. Muka ci gaba da zuba ruwa a hankali.

Muka binne shi a ɓangaren Musulmi na maƙabartar garin, cikin yayyafi, ƙasar baƙa mai danƙo. Sahu biyu aka yi masa. Rifkatu da Pat suka tsaya daga nesa a gindin wata bishiya, Pat ta ɗaura ɗankwali a karkace.

Na gaya wa Baba gaskiyar duk abin da ya faru. Shi da sauran manya suka yanke cewa ba za a gaya wa Goggo ba, a ce mata hoton ya yi, an binne shi lafiya. Ni kuma hukuma ta aiko min cewa zamana ya ƙare, ko in tafi da ƙafata ko a tafi da ni. Na tafi da ƙafata.

Na iso gida ruwa ya fara janyewa, ana dashen kayan rani a bakin fadama. Daga Haɗeja na hau babur, inda hanya ta yanke na shiga kwalekwale. Yara suna ta iyo a mashigi suna ɗago min hannu, na kasa ɗaga musu nawa. Baba ya tare ni a zaure. Bayan gaisuwa da addu'a ya ce in na shiga wurin ƙanwarsa in riƙe bakina, tsohuwa ce, abin da ba ta sani ba ba zai hana ta barci ba. Na ce to.

Na same ta a ɗakinta a kan tabarma, ta rame har zoben hannunta yana juyawa. Ta sa aka kawo min ruwa, ta sallami matan da ke wurin, har da matar Bukar. Ta tambaye ni hanya, ta tambayi sanyin ƙasar, ta tambayi ko yana samun abincin da yake so. Ta tambayi ko an samu mutane a sallarsa, na ce an samu, har da waɗanda ba su san shi ba. Ta ce Allah Ya biya su. Sannan ta dubi ƙofa.

"Kai ka wanke shi?"

"Ni ne, Goggo."

"To kai ka gani. Babanka ya zo nan ya ce min an binne shi lafiya, yana magana yana kallon rufin ɗaki. Tare muka tashi da shi, na san ƙaryarsa. Kai kada ka yi min."

Na gaya mata. Na gaya mata hoton da bai isa ba, da durƙuson da na yi, da abin da aka gano. Na ce ciwon daga ruwan nan namu ne, kuma yaransa suna bukatar a kai su asibiti a gwada su tun yanzu. Ta ce in kai su gobe. Na ce ta yafe min, na kasa riƙe amanarta. Ta ɗaga hannu alamar in bar wannan, ba ita take son ji ba.

"Sun mayar masa da kayansa?"

"Sun mayar."

"Sun ɗinke?"

"Sun ɗinke, Goggo."

"Ɗinkin kirki?"

Ta zuba min ido tana jira, na san ko na yi shiru ta riga ta karanta.

"Ɗinkin buhu ne, Goggo."

Ta sunkuyar da kai ta daɗe tana duban hannuwanta a kan cinya, tana murza babban yatsa da manuni. A waje wata tana daka, ta tsaya, ta ci gaba. Da ta ɗago ba ni take kallo ba.

"Da ina kusa da na warware na sake masa," ta ce. "Bukar tun yana yaro ba ya son ɗinki mai kauri. Cewa yake yana cin fatarsa."